Idon Inna da Janaretan Mai Girma

Jama'a, ku yi mini uzuri idan rubutun nan ya zo muku a karkace. Muryata ta dishe, ni kuwa ba na iya rubutu sai ina karantawa a fili, abin da ke fita daga maƙogwarona yanzu ya fi kama da kukan ƙofar da ta shekara ba a ɗiga mata mai ba. Dalilin dishewar shi ne labarin. Ranar Talatar da ta wuce, ni mai gyaran agogo, wanda saboda ƙanƙantar shagonsa idan baƙo ya shigo sai shi ya fita, na shiga ayarin Mai Girma, an zaunar da ni a kujera mai hannu, kuma na yi jawabi na awa ɗaya da minti goma sha ɗaya. Agogo ne sana'ata, ba zan ƙara muku minti ko ɗaya ba.

Surukata, wadda kowa a gidan ke kira Inna, shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe mata ido biyu. An rubuta sunanta a asibitin ido, an ba mu rana sau huɗu, an mayar da mu gida sau huɗu. Karon farko aka ce na'urar aikin ba ta iso ba. Karo na biyu ta iso, amma tana cikin kwali, ba mai taɓa ta sai Mai Girma ya buɗe. Karo na uku Mai Girma ya yi tafiya can wata ƙasa a duba masa nasa idon, Allah ya ƙara masa gani. Karo na huɗu likita ta gaji ta yage kwalin da kanta, sai aka tarar babu wuta. Takarda ta biyar ba ta yi kama da sauran ba. Da hannu likitar ta rubuta ta: ku zo Talata kafin ƙarfe bakwai na safe, kada ku makara. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin "kada".

Muka makara.

Laifin motata ne, ko da yake maiɗakina ta ce laifin mai motar ne. Motar tsohuwa ce fara, ba ta tashi sai an tura, kuma ko an tura sai ta ga dama. Tun shida da rabi maƙwabcina mai faci yake tura mu daga ƙofar gida zuwa bakin kwalbati, mu dawo, mu sake. Har rana ta ɗaga. Da ta yi tari ta tashi, ya dafa gwiwa yana haki, ya ce, "Malam, ina ma za ku? Ba ka ji rediyo ba? Yau Mai Girma zai buɗe asibitin idon. Tun bakwai aka rufe get, ko kuda ba ya shiga sai da katin gayyata."

Na ce, "To marasa lafiya fa?"

Ya ce, "Ai saboda su ake bikin. Shi ya sa aka ce su zauna a gida."

Na dubi maiɗakina, ta dubi titi. Inna tana baya, ta lulluɓa da farin mayafi, ta sa baƙin tabarau ɗin da asibiti suka ba ta, ta kame kamar hoto. Ta ce, "Mai Agogo, ja mu je. Sau huɗu su suka kore mu. Wannan karon ba zan kori kaina ba."

A shataletale muka tarar an datse hanya. Mu ne na farko a layi, bayanmu motoci har inda ido ya ƙare. Wani ɗan sanda mai ba da hannu yana tsaye tun asuba, gumi ya jiƙa masa riga har ya sake bushewa. Ban kashe mota ba, don na san halinta. Awa biyu muna nan tana karkarwa, ni ma ina karkarwa. Can sai ga jiniya. Babura suka wuce, baƙaƙen motoci suka biyo, manya-manya masu gilashi mai duhu, ɗaya na bin ɗaya. Na ƙirga ashirin da shida, sai titi ya yi shiru. Bawan Allah nan ya leƙa, bai ga komai ba, ya sauke ajiyar zuciya, ya yafito ni da hannu. Ni kuwa na saki kuloci na hau titi.

Ashe ayarin bai ƙare ba. Jelar ce ta tsaya baya. Ban yi tafiyar taku ɗari ba na ji jiniya a ƙeyata. Na duba madubi, sai ga a-kori-kura cike da masu bindiga, bayanta motar ɗaukar marasa lafiya wadda babu mara lafiya a ciki, bayanta wasu motoci huɗu. Na nemi in rakuɓe gefe, babu gefe. An jera shinge dama da hagu, bayan shingen an jera mutane da tutoci. Na sassauta, sai wani a cikin a-kori-kurar ya miƙe tsaye ya nuna mini gaba da bakin bindiga. Ban taɓa samun bayani mai gamsarwa irin wannan daga hukuma ba. Na taka totur.

Jama'a, ashe haka garin nan yake? Shekara talatin ina cikinsa, ban san yana da faɗi ba. Danja ta nuna ja, muka wuce, ɗan sanda yana sara mana. Kasuwar da ta cinye rabin titi ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. Kwatar da ke gaban tashar mota an rufe ta da allon talla mai hoton Mai Girma yana murmushi. Motata da ba ta taɓa wuce giya ta uku ba ta shiga ta huɗu, ta yi wani irin sauti na mamaki. Iska tana shigowa ta taga, mutane suna ɗaga mana tuta, ni kuma ban san lokacin da hannuna ya fita waje ya fara ɗagawa a hankali, irin ɗagawar nan ta manya da ba a motsa gwiwar hannu.

Maiɗakina ta ce, "Malam, shigo da hannunka."

Na ce, "Jama'ata ce, ba zan wulaƙanta su ba."

Daga baya Inna ta ce, "Mai Agogo, ka ɓata hanya."

"Ba mu ɓata ba, Inna, ita ce."

"Ba ita ba ce. Hanyar asibiti rami goma sha bakwai ce, da ƙuguna na ƙirga su. Yau ko ɗaya ban ji ba."

Na yi mata bayani cewa jiya aka cike su da jar ƙasa aka shafa baƙin fenti. Ta ce, "To Allah ya sa kada a yi ruwa kafin mu dawo."

A nan ne na gane wani abu da na daɗe ina zargin manyanmu a kai bisa kuskure. Ina cewa ƙarya suke yi idan suka hau rediyo suka ce an gyara hanyoyi, an magance cunkoso, jama'a suna cikin farin ciki. Wallahi ba ƙarya suke yi ba. Abin da suka gani suke faɗa. Ni da na yi minti tara kacal a cikin ayari, da an miƙo mini makirufo a lokacin, da na rantse talaka ya cika ƙorafi.

Get ɗin asibitin da aka ce kuda ba ya shiga, aka wangale mana shi har da sarawa. Motoci suka jeru a kan siririyar hanyar da ta taso daga get zuwa rumfunan taro, kowa ya tsaya inda ya samu kansa. Ni ma na tsaya, motar ta yi tari biyu ta mutu. Kafin in gama tunanin ƙaryar da zan yi, wani dogon mutum mai waya uku da takarda a hannu ya iso kanmu. Shi ne mai tsara taron.

"Wace tawaga ce wannan?"

Kafin in amsa, Inna ta sauke gilashi da kanta ta ce, "Ni ce mai ido."

Mutumin ya leƙa, ya ga farin mayafi da baƙin tabarau, fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓatar. Ashe tsohuwar da suka tanada don ɗaukar hoto, gwaggon wani ma'aikaci ce mai ido garau, kuma tun safe take lalata shiri, tana gaishe da mutane daga nesa da sunayensu. Ya ce, "Mama, Allah ne ya kawo ki. Kai kuma wane ne?"

"Surukinta ne."

Ya duba takardarsa, ya ga wani gurbi, ya rubuta. "Wakilin al'umma. Za ka yi godiya a ƙarshe. Minti biyu, kada ka wuce."

Ana kai Inna ƙofar sabon ginin don hoto, wata 'yar gajeriyar mata cikin koren kaya ta fito ta ƙofar gefe, ta ja ni da maiɗakina bayan wata tukunyar fure. Likitar ce. Ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Na ce bakwai."

"Ranki ya daɗe, motar ce."

"Bar maganar mota. Kana jin ƙugin nan?" Na kasa kunne. A bayan ginin wani ƙaton janareta yana aiki. "Na haya ne, don lasifika da fankokin rumfa aka kawo shi. Na sa an ja mini waya ɗaya zuwa ɗakin tiyata. Shi ya sa na kira mutum ashirin da uku yau, na shigo da su ta baya tun kafin a rufe get. Na yi goma sha huɗu. Saura tara, Inna ce ta ƙarshe tunda ita ta zo ƙarshe. Kowane ido minti goma sha biyar. Da zarar motar Mai Girma ta fita get, za a kashe janaretan a ɗora shi a mota, ana jiransa a wajen buɗe fitilun kasuwa."

Na yi lissafi a kaina. Awa biyu da kwata. Na ce, "Taron fa, nawa aka tsara?"

"Minti arba'in." Ta dube ni sama da ƙasa. "An ce kai ne za ka yi godiya. Malam, ka iya magana?"

Kafin in buɗe baki maiɗakina ta ce, "Likita, idan wannan ne matsalar, ki je ki kama aikinki. Shekara ashirin da biyu ina neman inda ake kashe shi ban samu ba."

Ba ni kaɗai aka ɗora wa aikin ba. 'Yan uwan marasa lafiyar suna zaune a kujerun baya, an riga an raɗa musu. Wata nas kuma aka tsayar a tagar bene, za ta riƙa nuna mini yawan waɗanda suka rage da yatsu.

Mai Girma ya taso yanka jan ƙyallen da aka ɗaura a ƙofa, sai aka nemi almakashi aka rasa. An kawo shi da safe a kan faranti, kowa ya gani, har da ƙyalle ɗaure a hannun almakashin. Masu kwat suka bazu suna dube-dube, mai waya uku yana magana a duka ukun lokaci ɗaya. Minti goma sha takwas aka yi kafin wata mai shara ta tuna cewa ta gan shi, kuma cikin ikon Allah a aljihunta ta gan shi. Da aka yanka, aka ce Mai Girma zai shiga ya ga na'ura. Nas ta fito da ladabi ta ce bismillah, sai dai ɗakin tiyata ne, zai cire takalmi da hula ya sa hular takarda. Mai Girma ya dubi masu ɗaukar hoto, ya ce ai ya yarda da ƙwararrunmu, ba sai ya gani ba.

Sai jawabinsa. Ku da kuka saba ganin talaka yana hamma a wajen taro, da kun ga abin mamaki. Duk jimlar da ya faɗa sai kujerun baya su ɓarke da tafi, su ƙi dainawa. Ya ce "jama'a", aka tafa. Ya yi gyaran murya, aka tafa. Ya sha ruwa, wani dattijo ya miƙe tsaye yana tafi yana share hawaye, matarsa ce a kan gadon aiki a lokacin. Da ya zo wajen alƙawarin cewa nan da shekara biyu babu makaho ko ɗaya da zai rage, wata mata ta ɗaga murya ta ce, "Ranka ya daɗe, ba mu ji ba a nan baya, a maimaita." Ya maimaita. Ta ce har yanzu. Ya sake. Ban taɓa ganin mutum ya ji daɗi irin na Mai Girma a ranar ba. Fuskarsa tana sheƙi, yana waiwayen na kusa da shi, kamar yana cewa kun gani ko, ku da kuke ce mini ba sa so na.

Jawabin minti goma sha biyar ya ci talatin. Da aka kira wakilin al'umma, na ɗaga kai na dubi taga. Yatsu biyar.

Na kama makirufo. Mai waya uku ya ɗaga mini yatsu biyu. Na gyaɗa masa kai.

Na fara da gaisuwa. Na gaishe da Mai Girma, Inuwar marasa rumfa, Fitilar da ba ta buƙatar wuta, Uban alƙawari da kakansa. Na gaishe da na damansa, na gaishe da na hagunsa, na bi layin gaba kujera-kujera, wanda ban san muƙaminsa ba na ƙirƙira masa, kuma babu wanda ya ƙi karɓa. Na gode wa iyayen Mai Girma da suka haife shi, da ungozomar da ta karɓe shi, wadda da ta yi sakaci da yau ba mu da asibiti. Na gode wa malamin da ya koya masa sa hannu. Mai waya uku ya matso zai karɓi makirufo, Mai Girma ya ɗaga hannu ya ce, "Bar shi. Muryar talaka ce, ita muka zo ji."

Yatsu huɗu.

Na koma kan ramukan hanya. Na gode da cike su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tarihinsa: na gaban gidan burodi wanda ya cinye mini salansa, na kwanar makaranta wanda yara ke kamun kwaɗi a ciki, babban nan na bakin gada wanda har an fara ba da kwatance da shi. Na roƙi a yi shiru na minti ɗaya don tunawa da su. Aka yi, har da Mai Girma, kansa a sunkuye. Daga nan na shiga sana'ata. Na bayyana cewa mulkin Mai Girma kamar agogo yake, na kwance agogon a gabansu da baki, ƙaramin hannu da babban hannu, da zaren da ke ciki, da bambancin mai batir da wanda ake murɗawa da hannu. Wani babba a layin gaba ya yi barci har hularsa ta gangaro. Kujerun baya kuwa, duk inda na tsaya shan iska sai su cike gurbin da tafi.

Yatsu uku. Na roƙi a ba ni ruwa, na sha a hankali kamar magani. Yatsu biyu.

A nan ne rijiyar ta ƙafe. Minti hamsin da wani abu ina yabo, na yabi duk abin da ke motsi da wanda ba ya motsi, har rumfar da kujerun. Na tsaya cak. Mai waya uku ya taho da saurinsa. Mai Girma ya duba agogonsa, mai kyau ne ƙwarai, ko daga nesa na san irinsa. Na dubi maiɗakina, ta haɗa hannu biyu a ƙirji, ba ta dariya yanzu. Ƙarya ta ƙare mini, sai na ga babu abin da ya rage a aljihuna sai gaskiya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsohuwar da kuka yi hoto da ita ɗazu, surukata ce. A da ɗinki take yi. Duk layinmu idan zare ya ƙi shiga allura, wajenta ake kaiwa. Yanzu idan za ta zuba ruwan zafi a kofi, da kunne take aunawa, kuma ba kullum kunnen ke faɗa mata daidai ba. Ku dubi bayan hannunta idan ta fito. Tana da jika 'yar shekara biyu, da yatsu ta san fuskarta. Ba ta taɓa yi mana kuka ba. Abin da kawai take tambaya duk safiya shi ne, gari ya waye ne ko da saura. Irinta ɗari huɗu ne a littafin asibitin nan. Na'ura tana nan, likita tana nan, hannunta kuwa ba ya rawa. Wuta ce babu, ranka ya daɗe. Wuta kawai."

Babu wanda ya tafa. Rumfar ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin janareta. Na ce a raina shi ke nan, yau a bayan a-kori-kura zan koma. Sai na ga Mai Girma ya zaro hankici ya goge ido. Ya miƙe, ya karɓi makirufo daga hannuna, ya ce maganar wannan bawan Allah ta taɓa shi har cikin rai, saboda haka nan take ya ba da umarnin a sayo wa asibitin na'ura ta biyu.

Aka tafa. Me za a yi? Na ɗaga kai. Yatsa ɗaya, kuma nas ɗin tana nuna mini ciki da ɗayan hannun. Inna ce a kan gado.

Taro ya watse. Masu kwat suka ruga, ƙofofi suka riƙa rufuwa, jiniya ta tashi. Mai janareta, wani mai ƙiba da tawul a wuya, ya miƙe daga kan bencinsa ya ɗora hannu a kan makunni. Na isa wajensa da gudu da abin da ya rage na muryata. Bai bar ni na yi magana ba. Ya ce, "Malam, ni umarni aka ba ni. Idan motarsa ta fita get in kashe. Ta fita?"

Na waiga. Ba ta fita ba. Ayarin ya juya zai fita ta inda ya shigo, motocin baya sun zama na gaba, sun fice. Sai aka zo kan wata tsohuwar farar mota da ke tsaye a tsakiyar siririyar hanya, dama lambatu, hagu lambatu, bayanta motoci ashirin da shida har da ta Mai Girma.

Mai waya uku ya ɗaga murya, "Motar wane ne wannan?"

Na taho a hankali, kamar mai ciwon ƙafa. Na laluba aljihun dama, na laluba na hagu, na koma na dama. Na shiga, na murɗa makulli, ta yi abin da ta saba, wato ba ta yi komai ba. Shekara goma sha ɗaya ina zagin motar nan, a ranar na shafa sitiyarinta na nemi gafara. Na leƙo na ce sai an tura. Jama'a, na ga abin da jikokina ba za su yarda ba: manyan mutane shida masu kwat da baƙin tabarau, da biyu masu bindiga a rataye, suna tura motata, mai waya uku yana ba da umarni. Na manta ban saki birkin hannu ba. Mantuwa ce, kowa yana yi. Sai da na hango nas ta fito ƙofar gefe tana ɗaga hannu biyu babu yatsa ko ɗaya a miƙe, sannan na tuna. Motar ta yi tari ta tashi, na kauce, ayari ya wuce. Mai Girma ya sauke gilashi ya ɗaga mini hannu. Motarsa tana fita get, ƙugin ya mutu, fankoki suka tsaya. Da fitilar waya aka ƙarasa manna wa Inna bandeji.

Likitar ta fito ta zauna a kan matakala, ta cire hular aiki, ta jingina kai da bango. Ashirin da uku cif. Na je in yi mata godiya, na buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Ta ce, "Ya isa, Malam. Ka yi ta yau."

Washegari aka cire bandejin. Inna ta ƙifta, ta ƙifta, ta ce a miƙo mata yarinyar. Ta riƙe fuskarta ta daɗe tana kallo. Da ta gama, ta juyo ta ƙare wa ɗakin kallo, ta tambayi 'yarta tun yaushe rabon labulen nan da wanki.

Labarin ya fito a rediyo. An ce Mai Girma ya buɗe katafaren asibitin ido, an yi wa mutum ɗari biyu da talatin aiki nan take, kuma wakilin al'umma ya kasa rufe baki don murna. Mai faci ya zo har shago ya same ni. Ya ce, "Malam, ashe kai ma ka koma wajensu? Da kunnena na ji ka kana cewa Fitilar da ba ta buƙatar wuta."

Na rubuta masa a takarda, tunda ba murya: ai gaskiya na faɗa, shi ba ya buƙata, tasa tana biye da shi a mota.

Saboda haka ina da roƙo, kuma da ladabi nake yin sa. Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka da na'ura ta biyu, ba mu da inda za mu jona ta. Abin da muke so shi ne ka riƙa zuwa kana buɗe asibitin nan duk ranar Talata. Ƙyalle muna da shi, almakashi mun san inda yake, masu tafi kuwa ɗari huɗu ne da iyalansu. Likita ta ce idan ka daure wata biyar, littafin zai ƙare. Ba kuma sabon abu ba ne a wajenka: na duba bangon da aka kafa allon sunanka, na ga tsofaffin hudojin ƙusa har sahu biyu a ƙarƙashin fenti.

Af, na manta ban faɗa muku ba. Ido ɗaya ake yi a rana, na dama aka yi wa Inna. Na hagu yana nan yana jira. Na tambayi likita sai yaushe, ta ce zaɓe saura wata goma sha huɗu, in riƙa shan ruwan ɗumi da zuma.